Gayyar Wayoyi a Gadarif

Lahadi, 16 ga Disamba, 2018, da hantsi

Don aikin ofis na sayi littafin nan, amma tun daga layin farko na ga alamar bakina ba zai bari ba. Duk wanda ya tsince shi ya mayar wa Hanatu ƙanwar Abduljalil mai kwamfuta, kuma kada ya karanta, ko da yake na san zai karanta.

Ga aikin. Ƙungiyarmu ta ƙananan manoman dawa ta samu rabon man dizal na injinan sussuka. Bara da aka yi rabon da layi, Kawu Ya'u ya taso tun daga Hawata ya kwana uku a ƙofar ofis, ya koma gida da lamba a hannu amma babu mai, masu uwa a gindin murhu sun riga sun kwashe. Bana sai Yaya Abduljalil ya gina shafi a intanet. Manomi yana zaune a garinsu zai rubuta sunansa da na gonarsa a waya, ya ɗauki hoton takardar gonar, ya danna maɓalli, lambarsa ta fito. Za a buɗe ranar Alhamis, goma ga Janairu, da ƙarfe takwas na safe. Mambobinmu dubu biyu ne da 'yan kai.

Ni ce 'yar rakiyarsa. Karatu ɗaya muka yi a jami'a, shekara huɗu kacal ya ba ni, amma in kika ji yana yi min bayani sai ki rantse jiya na fara ganin wutar lantarki.

Abin da ya rage shi ne gwajin nauyi. Shafin yana zaune ne a cikin wata kwamfuta a Hartum, sirfa ake ce mata. In mutum ɗaya ya shiga, lafiya lau take amsawa. To in dubu biyu suka afka mata lokaci guda fa? Yaya yana da manhaja a laftof ɗinsa wadda ke umartar wata na'urar aro, can Hartum ɗin, ta turo baƙi na ƙarya har dubu gaba ɗaya, mu kuma mu zauna mu ga a ina sirfa za ta durƙusa. Ya ce ba a sanin ƙarfin jaki sai an ɗora masa kaya. Na ce ya gwada faɗin haka a gaban jakin. Laraba za mu yi gwajin.

Laraba, 19 ga Disamba, bayan azahar

Ba wuta a ofis tun safe, gwaji sai gobe.

Innarmu Hajjo ta aike ni sayen burodi. Awa biyu na yi a layi na dawo da guda biyar, kowanne loma uku. Ta juya su a hannu ta ce, "Mu da muke noma dawa, me ya kai mu roƙon burodi?" Ta ɗora tanda ta yi mana kisra, irin mai sirara ɗin nan da ake iya ganin hannu ta cikinta.

Yaya bai ci ba. Yana bayan ɗaki yana waya ƙasa-ƙasa. Na leƙa na ce ya gaishe min da ita, bai ko yi murmushi ba.

Alhamis, 20 ga Disamba, la'asar

Ba mu je ofis ba. Kasuwa a rufe, gari ya ɗauki zanga-zangar tsadar burodi, ana hango hayaƙi daga kan katangarmu. Inna ta sauko da ni, ta rufe tagogi, ta ce a zo a tsince riɗi. Mun tsince riɗin da muka riga muka tsince ranar Talata.

Asabar, 22 ga Disamba, da safe

Yaya ya yi tafiya. Haka Inna ta ce a faɗa wa duk wanda ya tambaya. Laftof ɗin ma ta yi tafiya. Takalmansa suna nan a ƙofar ɗaki. Gobe kafinta zai zo ya mayar da ƙyauren zaure da aka ɓalle cikin dare.

Litinin, 24 ga Disamba, ƙarfe goma sha ɗaya

Baba Gado, shugaban ƙungiya, ya same ni ina share ofis. Ya zauna, ya cire rawaninsa ya ɗora a gwiwa, abin da ba ya yi sai magana ta yi nauyi.

"Ya binti, kwamiti ya zauna jiya. Sun ce a bar zancen shabaka ɗin nan, intanet ɗinku, a koma takarda da layi kamar bara. Kuma sun ce aikin yayanki ba zai zauna ba mai shi ba. Akwai ɗan ƙanen ma'aji, wai shi ma ya iya buga kwamfuta."

Na san ɗan ƙanen ma'ajin. Da yatsa ɗaya yake bugawa, ɗayan hannun yana riƙe da kofin shayi.

Na ce, "Baba, shekara uku Yaya ya yi a kujerar nan. Kwana biyu kawai da tafiyarsa."

"Na sani, ma'alesh, ki yi haƙuri. Amma in shafin ya faɗi ranar goma ga wata, mutum dubu biyu za su taso mana nan ƙofa. A irin wannan lokaci kin san abin da taron mutum dubu biyu ke jawowa."

Na ce ya ba ni zuwa ranar. In shafin ya tsaya, aikin Yaya ya jira shi. In ya faɗi ko sau ɗaya ne, su ba wanda suka ga dama, ni da kaina zan goge masa kujerar. Ya dube ni.

"Kin iya?"

Na ce na iya, da ƙarfi kuwa, har mai shayin ƙofa ya waiwayo. Bayan ya fita na koma kan sharata.

Talata, 25 ga Disamba, la'asar

Na nemi irin manhajar Yaya a intanet. Shafi huɗu na shiga, kowanne da ya ga daga Sudan nake sai ya ba ni haƙuri cikin ladabi ya rufe ƙofa. Na rubuta 'yar tawa da hannuna, ta kuma yi aiki, sai dai layin ofis ɗinmu siriri ne, kafin baƙina su kai talatin shi ya fara shaƙewa, sirfa ba ta ma san ana yi ba. Na'urar aron ta Hartum kuwa mabuɗinta yana cikin laftof.

Na koma gida ina ƙunƙuni. Inna tana dakan kuɓewa busasshiya ta ce in faɗa mata da Hausar mutane. Na ce ina neman mutane masu yawa da za su yi abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ta ajiye taɓarya.

"To mene ne wannan in ba gayya ba? Nafir ke nan. Ubanki da gayya ya nome gona fadan hamsin, kusan eka hamsin, a yini guda. Kira mutane, ki tuƙa musu tuwon asida, su danna miki."

Shekara huɗu na yi a jami'a, kuma a bakin turmi na samo amsa. Ba zan taɓa bari Yaya ya ji wannan ba.

Alhamis, 27 ga Disamba, azahar

An hana taro, amma ba a hana sadaka ba. Don haka gobe bayan Juma'a akwai karama a farfajiyar ofis, sadakar neman sauƙi, kowa ya zo da cikinsa da wayarsa a cike da caji. Maƙwabciyarmu Jummare ta karɓi tukunyar miya. Ba wanda ya tambayi sauƙin me ake nema.

Juma'a, 28 ga Disamba, bayan la'asar

Waya saba'in da uku! Na ƙirga da kaina. Maza a ƙarƙashin rumfa, mata a inuwar dogon yaro, Modibbo limamin unguwa a kan darduma a tsakiya, shekarunsa tamanin da wani abu, da wayar da jikarsa ta ba shi aro. Na zaga na cike wa kowa fom ɗin gwaji, saura dannawa kawai. Na hau benci na ce in na ƙirga uku kowa ya danna koren maɓalli. Na ƙirga, na diro, na ruga ciki wurin kwamfuta.

Sirfa ko gezau ba ta yi ba. Sunaye suna ta shigowa, shafi yana buɗewa kamar ba kowa. Na fito na rangaɗa guɗa, matan suka taya ni duk da ba su san me aka ci ba.

Ana cikin cin asida wata motar jami'an tsaro ta tsaya a bakin layinmu, ba ta kashe inji ba. Modibbo ya ɗaga murya da salati, duk muka amsa, hannuwa cikin akushi. Can ta wuce. Jummare ta ce miyarta ce ta jawo su, ƙamshin ya kai har barikinsu.

Yau na yi dariya sosai, ita ce ta farko tun Asabar.

Asabar, 29 ga Disamba, da hantsi

Kaico, guɗar banza na yi. Na buɗe rajistar sirfa, inda take rubuta wanda ya shigo da daƙiƙar da ya shigo. Ina sa ran ganin mutum saba'in da uku cikin daƙiƙa ɗaya, sai na ga sun shigo ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi, cikin minti goma sha tara.

Na tambayi Jummare. Ta ce, "Ke kuma! Modibbo yana neman tabarau ɗinsa, wa zai danna kafin shi? Mu ba mu da tarbiyya ne?"

Ashe da na shiga ciki duk sun riƙe yatsunsu a sama suna jira. Modibbo ya yi bisimilla ya danna. Sannan Baba Gado. Sannan mai bi masa a shekaru, kowa yana ce wa na kusa da shi tafaddal ka fara, a'a kai ne babba, a'a wallahi kai. Sai da maza suka gama mata suka fara, su ma daga uwar gida zuwa amarya. In kana son sanin wa ya girmi wa a unguwarmu, zo ka duba rajistar nan. Har tsohuwar gardamar Inna da Jummare ta warware, don Jummare ce ta jira Inna, bayan shekara talatin tana rantsuwa ita ce babba. Na nuna wa Inna, ta ce in buga mata a takarda.

Amma gwaji bai yiwu ba. Jakin ya ɗauki kayan ne zangarniya ɗaya-ɗaya.

Litinin, 31 ga Disamba, la'asar

Mun je can inda ake tsare waɗanda aka kama, ni da Inna da ƙullin kayan Yaya. Ba su karɓa ba, ba su kuma ce yana nan ko ba ya nan ba. Mun dawo a raksha, keken haya mai ƙafa uku, Inna tana ta yaba kyan dawar bana.

Laraba, 2 ga Janairu, bayan la'asar

Gayya ta biyu. Na yi dabara, na ce kowa ya zauna a gidansa inda ba zai ga babba ba, balle ya jira shi. Da ma haka ya fi kama da ranar gaskiya, kuma ba taron da mota za ta tsaya wa. An toshe hanyoyin hira na waya, don haka da baki saƙon ya tafi, ta hannun direbobin Hawata da 'yan kasuwar Gallabat. Alamar da na bayar ita ce kiran sallar la'asar: ladan na cewa Allahu Akbar na farko, ka danna, sannan ka je ka yi alwala.

Sun amsa gayya, Allah ya saka musu, mutum ɗari uku da wani abu. Sai dai 'yan Gallabat suna gabas, sun riga mu da mintuna. 'Yan Hawata suka biyo bayanmu. A cikin Gadarif kanta kowane masallaci da lokacinsa, ladan ɗinmu Malam Husaini kuwa sai da ya bar kowa ya gama sannan ya gyara murya, don agogonsa ba ya yarda da na gwamnati. Minti ashirin da biyu aka yi ana shigowa jefi-jefi.

Laifina ne. Ina jin kiran sallar nan kullum yana bin juna daga unguwa zuwa unguwa, ban taɓa kawo shi a lissafi ba. Saura kwana takwas.

Alhamis, 3 ga Janairu, da hantsi

Sirfa ta faɗi! Ta faɗi warwas, kuma mata shida ne suka kayar da ita.

Yau ranar jabana ce, zaman shan kofi na matan layinmu, a gidanmu aka soya kofi. Inna ta ce in nuna mata yadda za ta yi wa gonar Babanmu rajista da hannunta, kada ranar ta zo ta ji kunya. Sauran biyar ma suka fito da wayoyinsu. Network ɗin yau da nauyi, Inna ta danna, abin yana ta juyawa. Ta sake dannawa. Ta sake. Inna ba ta da haƙuri da abin da bai amsa sallama ba. Jummare ta ce bari ki ga yadda ake yi, ta shiga luguden maɓalli, sauran suka kama, ya koma gasa, ana dariya ana danne-danne kamar ana dakan biki. Kafin kofi na biyu shafin ya koma fari fat da rubutun kuskure.

Na bar su na ruga ofis da gyale a hannu. Ga abin da na gano. Duk dannawa ɗaya tana sake tura hoton takardar gona daga farko, hoto kuwa mai nauyi, kuma tana buɗe sabuwar ƙofa zuwa rumbun bayanai. Ƙofar ba ta rufuwa sai hoton ya gama isa. Ƙofofi hamsin ne kawai sirfa take da su. Mata shida suka cika su cikin minti biyu. Ranar goma ga wata, manomi dubu biyu da network mara ƙarfi da tsoron kada mai ya ƙare, akwai wanda zai danna sau ɗaya ya naɗe hannu?

Kuskuren Yaya ne. Nasa, da hannunsa, layi na ɗari biyu da goma sha ɗaya. Tun ina 'yar shekara bakwai nake jiran ranar da zan kama shi da kuskure. Na juyo da kujera bakina cike da magana, sai na ga ba kowa a ofis ɗin. Na yi kewarsa yau. Na yi kukana na share, na ci gyaɗa, na kama aiki.

Asabar, 5 ga Janairu, azahar

Gyara uku na yi. Maɓallin yanzu da an danna shi sau ɗaya sai ya dushe, rubutu ya fito da Larabci da Hausa cewa an karɓa, a yi haƙuri. Hoton kuma wayar ce za ta rage masa nauyi kafin ta tura. Ƙofar rumbu ba za ta buɗe ba sai hoton ya riga ya iso, ana ajiye shi ta rufe.

Na kai wa Inna ta gwada. Ta danna, ta sake dannawa, ya ƙi. Ta karanta rubutun a hankali ta ce, "Yanzu waya ce za ta ce min in yi haƙuri?" Amma lambarta ta fito.

Lahadi, 6 ga Janairu, da safe

Ba labari.

Lahadi, bayan la'asar

Na je wurin Modibbo, na durƙusa daga bakin darduma na ce ina da roƙo mai nauyi. Na ce, "Baba Modibbo, so nake mutane su yi rashin kunya na minti biyar."

Ya sa na yi masa bayani sau biyu. Da ya gane yadda tabarau ɗinsa ya ɓata gwajin farko, ya yi dariya har da tari. Ya ce a faɗa wa kowa daga bakinsa cewa gobe duk wanda ya jira wani, ko ya danna sau ɗaya ya haƙura, to ya saɓa wa Modibbo. Shi ne ma ya ba ni alamar. Ya ce a kwanakin nan babu gidan da ba a kunna rediyo da ƙarfe uku don jin labarai, ko da ba a yarda da su ba, kuma rediyo ba ta san gabas da yamma ba. Da kiɗan buɗe labarai ya fara, a danna.

Da zan tashi ya ce, "Muna saka yayanki a addu'a kowace asuba." Na ce ai tafiya ya yi. Ya ce matafiyi ma ana yi masa addu'a.

Litinin, 7 ga Janairu, ƙarfe huɗu

Waya ɗari shida da arba'in cikin daƙiƙa goma! Na ga layin rajista yana gudu har ido ba ya iya bi. Sirfa ta yi nishi, shafi ya ɗauki daƙiƙa tara kafin ya buɗe, amma bai faɗi ba. Kawu Ya'u ya kira daga Hawata yana haki, wai babban yatsansa ya sage, a rubuta masa ladan gayya. Na ce ya zo ya ci asidarsa in hanya ta yi kyau.

Tara ta yi yawa. Na cire hoton kwamitin da ke saman shafin, dattawa goma sha biyu da rawunansu, shi kaɗai ya fi duk sauran shafin nauyi. In sun tambaya zan ce network ne.

Laraba, 9 ga Janairu, la'asar

Mun sake zuwa. Yau sun karɓi kayan. Da muka iso gida Inna ta ɗora ruwan shayi ta sa sukari cokali huɗu.

Gobe ne.

Alhamis, 10 ga Janairu, bayan azahar

Bari in rubuta tun ban manta komai ba.

Ƙarfe bakwai na isa ofis na tarar Baba Gado ya riga ni. Ya jera manyan littattafan rajista na bara a kan tebur da biro huɗu, ko da za a koma takarda. Ɗan ƙanen ma'aji yana tsaye a bakin taga da kofin shayinsa, yana kallon kujerar Yaya kamar mai taya akuya. Na gaishe shi da kyau, har da tambayar mutanen gida.

Takwas daidai suka afko. Ɗari huɗu a minti na farko. Takwas da minti shida ƙofofi arba'in da bakwai cikin hamsin suna buɗe. Arba'in da takwas. Baba Gado ya ce me ya faru, na ce ya yi shiru, ni Hanatu na ce wa Baba Gado ya yi shiru, kuma ya yi. Sai ta fara saukowa, arba'in, talatin da biyar, ashirin. Shafin bai taɓa wuce daƙiƙa huɗu ba.

Kawu Ya'u ya kira daga tsakiyar gonarsa, lambarsa ɗari biyu da goma sha biyu, yana ta maimaita ta kamar sunan jariri. Kafin azahar mutum dubu biyu da ɗari da shida sun samu lamba. A ƙofar ofis kuwa mai shayi ne kawai da wani tsoho da ya zo don bai yarda ba, na fita na cike masa a wayata.

Baba Gado ya tattara littattafan ya mayar cikin kabad. Ya juya ga ɗan ƙanen ma'aji ya ce, "Halas, an gama, ka gaida baffanka." Sannan ya ce da ni, "Aikin Abduljalil yana nan, ko wata nawa zai yi. Ki riƙe masa."

Na ce to, Baba.

Asabar, 12 ga Janairu, la'asar

Ni kaɗai na je yau, Inna ƙafarta ta kumbura. Na kai kisra da busasshen nama. Mai tsaron ƙofar wani ne daban, baƙi dogo, da tsagar mutanen kogin Rahad. Yana bincika ƙullin ya tambayi sunan mai kayan, na faɗa. Ya ɗago.

"Abduljalil na ƙungiyar manoma? Mai shafin jaz, man dizal ɗin nan?"

Na ce shi ne. Ya duba hagu da dama, ya rage murya, ya koma Hausa.

"Babana ya samu lamba shekaranjiya. Yana kan gadonsa na angarib a Hawata ya samu, wallahi ko takalmi bai sa ba."

Na ce alhamdu lillahi. Sai na yi ta maza na ce ko zai isar min da magana ɗaya, ba takarda, da baki kawai. Ya ce wace magana. Na ce ya ce masa shafin bai faɗi ba, mutum dubu biyu da ɗari da shida, daƙiƙa huɗu, kuma aikinsa yana jiransa. Ya sa na maimaita, ya ɗauki ƙullin ya shiga, ya ce in tsaya can tsallaken titi kamar mai jiran raksha.

Na fi awa ɗaya a tsaye. Raksha bakwai na kora. Kwana ashirin da ɗaya ke nan ba wanda ya ce mana ya gan shi da ido, kuma abin da ban taɓa rubutawa a littafin nan ba shi ne kullum ina tsoron ko kayan da muke kaiwa babu mai sa su.

Can ya fito, ya tsallako kamar zai sayi sigari, ya tsaya kusa da ni yana kallon wani wuri.

"Ya ci kisrar. Ya ce a gaida Hajjo, ta daina zuwa da ƙafar nan tata. Sai kuma wata magana da ban gane ba."

Na ce ya faɗa haka nan.

"Wai a ce wa Hanatu daƙiƙa huɗu ta yi yawa, shi da biyu zai yi."

Na fashe da dariya a tsakiyar titi, hawaye suna zuba har cikin bakina, mai tsaron yana cewa ya bit, ke yarinya, rufa min asiri. Na tari raksha ta takwas, na ce wa direba ya yi sauri. Tun daga zaure na fara kwaɗa wa Inna kira ina cewa ɗanta yana nan da ransa, kuma ko kaɗan halinsa bai gyaru ba.